Yadda ake zuba dakin (rufin kankare) na bene ya yi ƙarko

Kafin a kwaɓa ko buhu ɗaya, injiniya ya hau da zane a hannu ya duba rodi: kauri, tazara, da wuraren haɗi. Inda rodi biyu suka haɗu, a bar su su hau juna kamar ninki 50 na kaurinsu, wato santimita 80 ga rodi mai milimita 16. A sa biskit, wato ƙananan gutsattsarin siminti, a ƙarƙashin rodin domin kankare ya lulluɓe ƙarfen da milimita 25. Rodin da ya kwanta a kan katako danshi zai same shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki.

Baranda mai fitowa ba ginshiƙi a bakinta ita ce aka fi yi wa ganganci. Rodinta mai ɗaukar nauyi a sama yake, don saman ne ke miƙewa. Leburori na kai da kawowa da kwano sai su tattake shi ya sauka, kankare ya rufe ɓarnar, ba mai gani sai ranar da aka cire tokara. A ɗora rodin kan kujerun ƙarfe, wato lanƙwasassun guntayen rodi masu riƙe shi a sama, a shimfiɗa katakon takawa.

Kwaɓin 1:2:4 na siminti, yashi da tsakuwa bai isa ko'ina ba. A bi ƙarfin da zane ya nema. Ruwa kuwa kada ya wuce lita 25 ga buhu mai kilo 50, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Masu zuba suna son kwaɓi ruwa-ruwa don sauƙin shebur, amma rarar ruwan nan idan ta bushe ƙananan ramuka take bari, ƙarfi ya ragu.

Kada a sako kankare daga tsayin da ya wuce mita 1.5, tsakuwa za ta ware. A nutsa injin girgiza a tsaye na daƙiƙa 5 zuwa 15, a zare a hankali. A ɗebi samfuri a akwatin gwaji mai milimita 150 ta kowane ɓangare, a gwada ƙarfinsa a kwana 7 da kwana 28.

A riƙa shayar da dakin ruwa aƙalla kwana 7. Tokara ta zauna kwana 14 idan faɗin ya wuce mita 4.5, dogon bim (kwantaccen ginshiƙin da ke ɗauke da dakin) kuma 21. Wajen cirewa a fara daga tsakiya zuwa ginshiƙai. A baranda, daga baki zuwa ciki.