Mai Son Binciken Ambaliya da Fari a Katsina, Ga Inda Zai Fara

Ɗalibai kan tare ni bayan lacca su ce, "Malam, wane take zan ɗauka?" Nakan ce a ajiye zancen take tukuna, a zaɓi masifa ɗaya da gari ɗaya. Ɗauki Jibiya, inda ambaliyar watan Yulin 2018 ta ci rayuka, ta rushe gidaje. Ruwa ɗaya ya sauka a kan kowa, amma wani ya tada gininsa kafin kaka, wani sai da ya sayar da awakinsa. Wannan bambancin shi ne aikinka: wa ya farfaɗo, wa ya kasa, me ya sa?

Ka tambayi lafiyar hanya kafin ka tashi. Da ka isa, ka fara da ƙofar mai gari, ka yi gaisuwa, takardar tambayoyi tana cikin jaka. Ni dai karon farko da ita na fara, kowa ya ɗauka rabon tallafi na kawo, amsoshin duk suka lalace. Ka kuma tafi da ɗaliba mace, don abin da matan gida suka sani game da rumbu da rijiya ba a zaure ake faɗinsa ba.

Sai maganin da ƙasar kanta ke bayarwa. Ka tsaya gindin gawo da damina: ya kaɗe ganye, gero na tsaye ƙarƙashinsa lafiya lau, ƙasar ta sha taki. Manoman Maraɗi, maƙwabtanmu, tun shekarun 1980 suke barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sassabe shi, suna kiransa sassabin zamani. Irin wannan za ka auna. Ka ƙirga itatuwa a kowace eka, ka gwada damshin ƙasa, ka kwatanta amfanin gona mai gawo da marar shi, damina biyu aƙalla.

Ka koyi QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, kyauta ce. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat ma kyauta ne, kuma sun faro tun 1972, don haka za ka ga yadda dajin Daura ya ja baya ko ya dawo. Alƙaluman ruwan sama kuwa sai NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya.

Maganar kuɗi, in ka samu koyarwa a jami'ar gwamnati, kamar ta Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-ma, ka nemi tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati. In ka kammala, ka fassara sakamakon da Hausa, ka koma ka karanta wa mai gari da mutanensa kafin ka aika wa mujalla.