Yadda Malami Zai Koyar da Karanta Hoton Ƙirji ta Amfani da Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zagayen duba marasa lafiya da ɗaliban likitanci ya san yadda ake yi: a ɗaga hoton ƙirji na X-ray a saitin taga, ɗalibai su yi cincirindo, na gaba su ce sun gani, na baya kuma su gyaɗa kai alhali ba su ga komai ba. Malamin da ke da ɗalibai a Gombe ko Bauchi zai iya magance wannan ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba.

Matakin farko shi ne tara hotuna. Shafin Radiopaedia, wanda aka kafa a 2005, yana da dubban hotuna kyauta tare da bayanin kowanne, amma ban yarda malami ya tsaya a nan ba. Ya kamata ya nemi izinin kwamitin ɗa'a na asibitinsa, ya karɓi hotunan cututtukan da ɗalibansa za su riƙa gani kullum: tarin fuka, taruwar ruwa a ƙirji, ciwon ƙirji na masu sikila, da karayar haƙarƙari bayan hatsarin babur. A karɓe su a tsarin DICOM, wato irin fayil ɗin da na'urorin ɗaukar hoto na asibiti ke adana hotuna da shi, kada a ɗauka da waya. Sai dai a yi hattara, domin wannan fayil yana riƙe da sunan majiyyaci da lambarsa ta asibiti ko da ba su bayyana a allo ba, don haka wajibi ne a goge su kafin hoton ya fita daga sashen ɗaukar hoto na asibitin, balle ya shiga WhatsApp na aji.

Daga nan sai a saka manhajar Weasis, wadda kyauta ce kuma tana buɗe hotunan da ke cikin kwamfuta ba tare da intanet ba. A bar ɗalibi ya riƙe linzamin kwamfutar da hannunsa, ya ƙara haske, ya rage, ya matso da saman huhu inda tarin fuka ya fi zama, sannan ya auna faɗin zuciya. Idan faɗin nata ya wuce rabin faɗin ƙirji to zuciyar ta girma, amma fa a hoton da aka ɗauka ta bayan majiyyaci yana tsaye, domin na kwance kan nuna ta fi girmanta.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne a ɓoye amsa. Kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya gani a Google Forms, wato fom ɗin da ake cikewa ta intanet, kafin malami ya buɗe baki, yana bin tsari ɗaya: alamar dama da hagu, hanyar iska, huhu, zuciya, tantanin da ke ƙasan huhu, sannan ƙasusuwa. Na taɓa ba aji hoton mai lafiya ƙalau, mafi yawansu suka ƙaƙaba masa cuta don sun ɗauka ba zan kawo hoto haka kawai ba. Tun daga ranar nake cuɗanya hotunan masu lafiya da na marasa lafiya.

Don bita kuwa, manhajar Anki tana rufe wani sashe na hoto ta tambayi ɗalibi, ta kuma dawo masa da abin da ya kuskure bayan 'yan kwanaki. A sauke komai tun da wuri lokacin da akwai wuta da data, a raba wa ɗalibai a filasha.