Darasi na 7: Idan Sautin Laftof Yana Sarƙewa

Mutum zai kunna tafsiri ko wa'azi a laftof, ko ya shiga darasi ta intanet, da farko murya tana fita tas. Bayan kamar rabin awa sai ta fara sarƙewa, tana ƙarar tsatsa, wani lokaci kalma ɗaya ta yi ta maimaituwa. Nan take mutane sukan ce sifika ta lalace, su nufi wurin mai gyara a canza ta. Sau da yawa sifikar lafiyarta ƙalau, zafi ne ya yi wa na'urar yawa.

A cikin kowace laftof akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake kira furosesa. Shi ne ke yin duk lissafin da kwamfuta take aiki da shi, kuma yana ɗaukar zafi sosai. Idan zafinsa ya kusa digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Haka aka ƙera shi, ba lalacewa ba ce. Shi kuwa sauti ba ya jira. Furosesa yana aika shi zuwa sifika gutsure-gutsure, kamar leburori masu miƙa kwanon kankare hannu da hannu a wurin gini: da zarar ɗaya ya makara, aiki ya tsaya. Wannan ɗan jinkirin shi ne katsewar da kunnenku yake ji.

Mu a nan Gombe abu biyu ne ke haɗuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ta ramukan iskar laftof, ta taru a jikin fankar da ke ciki mai sanyaya furosesa. Maris da Afrilu kuma zafin rana yakan kai digiri 40. Fankar da ƙura ta toshe ba za ta iya da wannan zafin ba.

Kafin ku kashe ko naira ɗaya, ku gwada da kanku. Ku kashe laftof ɗin gaba ɗaya, ta huce, sannan ku kunna sautin da ya ba ku matsala. Idan ya fita lafiya tana da sanyi, ya lalace bayan ta ɗau zafi, to kun gano bakin zaren. Sifikar da ta fashe tun daga minti na farko take ƙara, ba ruwanta da sanyi ko zafi. Ku kuma saka iyafis, wato abin sauraro da ake sawa a kunne. Idan a cikinsa ma sautin yana sarƙewa, sifika ba ta da laifi. Sannan ku kai hannu gefen da iska ke fita. Fanka tana ihu amma iskar da ke fitowa ba ta da ƙarfi? Ƙura ce ta tare hanya.

Magani na farko kyauta ne. A daina ɗora laftof a kan katifa, filo, darduma ko cinya, domin yawancinsu ta ƙasa suke shaƙar iska. A ɗora ta a tebur ko faffaɗan katako, a ɗan ɗaga bayanta yadda iska za ta ratsa. Wannan kaɗai yana raba mutane da yawa da matsalar, kuma abin takaici ne a ga an biya kuɗin gyara kafin a gwada shi.

Idan Windows kuke amfani da ita, ku danna Ctrl da Shift da Esc tare. Wani shafi mai suna Task Manager zai buɗe, ya nuna abin da ke cin ƙarfin furosesa. Ku rufe shafukan intanet da manhajojin da ba kwa aiki da su. Amma abin da ba ku san shi ba, ku bar shi yadda yake.

In duk an yi wannan abin bai daina ba, lokacin zuwa wurin mai gyara ya yi. Ku faɗa masa abin da kuka gani dalla-dalla: "Sannu da aiki, Malam. Sautinta yana lalacewa ne bayan ta yi zafi. Don Allah a share fanka, a duba man da ke kan furosesa." Wannan mai ne mai kauri, launin toka, da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi. Bayan 'yan shekaru yakan bushe ya farfashe, dole a goge shi a sa sabo. Ku tsaya a yi a gabanku. Lokacin hura iska, a riƙe fankar kada ta yi ta juyawa da ƙarfi, don hakan yana iya lalata ta. Wanda bai koyi aikin ba kada ya kwance laftof a gida, wayoyin ciki siraran gaske ne.

Aikin gida: ku kunna sauti a laftof ɗinku ko ta wani na kusa, ku rubuta a littafi ƙarfe nawa kuka kunna da ƙarfe nawa ya fara sarƙewa. Washegari ku maimaita a kan tebur, an ɗaga bayanta, ku kawo lokutan biyu aji mu duba tare.