Yadda Ake Nazarin Taurari da Jigon Littafi Kafin Jarrabawar Bak

Da zarar zafin Afrilu ya kama Tawa, sai ƴan lise su bazama neman rezime. Wani ya yi fotokofin shafi huɗu, wata an turo mata ta WhatsApp, a zauna ƙarƙashin fitila ana hadda. Rezime kuwa abin da ya faru kawai yake faɗa maka, shi kuma mai gyaran takarda ya riga ka sanin cewa a littafin Sous l'orage Kany ba ta son auren Famagan. Abin da yake nema a takardarka shi ne ko ka gane me ya sa mutanen cikin littafin suka yi abin da suka yi. Ga yadda ake kai wa ga hakan.

Ka fara da karanta littafin kansa, da bik a hannu da kaye a gefe. Idan ba ka da naka, ku haɗu ku uku ko huɗu a kan kwafi ɗaya, kowa ya kwana biyu da shi. Ka ware wa kowane babban tauraro shafinsa, ka raba shi gida uku: abin da ya faɗa, abin da ya aikata, da abin da wasu suka faɗa a kansa. Kowane layi ka sa masa lambar babi, don ranar bita kada ka yi ta lalube. Gidan tsakiya shi ne mai nauyi, domin inda baki da aiki suka saɓa, nan halin mutum yake fitowa.

Daga nan sai ka yi wa kowane tauraro tambaya biyu: me yake so, me kuma yake tsoro? Ɗauki Sous l'orage na Seydou Badian, marubucin ƙasar Mali. Yawancin ɗalibai suna rubuta cewa tsoho Benfa mugun uba ne, su wuce. Wannan gaggawa ce. Benfa ya riga ya amsa wa Famagan, ɗan kasuwa mai hannu da shuni, cewa zai ba shi ɗiyarsa Kany. Abin da yake so shi ne maganarsa ta tsaya a gaban dangi, abin da yake tsoro shi ne a ce ƴar da ya sa a lakwal ta fi ƙarfinsa. Duk ɗan Adar ya san nauyin dattijo ya ce "na ba ka" sannan ya janye. Idan ka gane wannan, ba lallai ka goyi bayansa ba, amma za ka iya bayyana shi, kuma a nan maki yake. Kada ka manta da Téné, uwar Kany, wadda ta tsaya tsakanin miji da ɗiya. Irin waɗannan taurari masu ƙarancin magana su aka fi tsallakewa, alhali suna ɗauke da rabin labarin.

Mataki na gaba, ka jera taurarin biyu-biyu. Marubuta sukan sa mutum biyu a gaban matsala ɗaya don a ga bambancinsu. Sibiri da Birama duk ƴaƴan Benfa ne, babban yana bayan uba, ƙaramin yana bayan Kany da saurayinta Samou. A cikin Une si longue lettre na Mariama Bâ, wanda ya fito a 1979, abin ya fi fitowa fili. An yi wa Ramatoulaye kishiya, an yi wa aminiyarta Aïssatou. Aïssatou ta bar gidan mijinta Mawdo, ta yi karatu, ta sami aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. Ramatoulaye ta zauna da ƴaƴanta 12, duk da cewa mijinta Modou ya auri Binetou, ƙawar ɗiyarsu Daba, ya kuma juya mata baya. Kada ka yi saurin cewa ɗaya jaruma ce, ɗaya raguwa. Ramatoulaye ɗin nan ce ta buɗe baki ta ƙi Tamsir, yayan mijinta, sa'ad da ya nemi ya gaje ta, ta kuma ƙi Daouda Dieng duk da mutuncinsa. Tambayar da za ka kai takarda ita ce: me ya canza a cikinta tsakanin zaman haƙuri da wannan ƙin?

Ka kuma lura da bakin da labarin yake fitowa. Littafin Mariama Bâ wasiƙa ce, Ramatoulaye ke rubuta ta tana cikin takaba. Ba mu taɓa jin Modou yana kare kansa ba, Binetou ma ta idon uwargida muke ganinta. Ɗalibin da ya ambaci wannan ya riga ya yi wa ajinsu nisa.

Sai jigo, inda aka fi zubar da maki. "Auren dole" ba jigo ba ne tukuna, kan magana ne kawai. Haka "mulkin mallaka" ko "auren mace fiye da ɗaya". Jigo sai ya zama cikakkiyar jimla mai faɗin abin da littafin ya nuna game da wannan batu. Hanyar samunsa ita ce ka duba yadda rikicin ya warware da kuma wanda ya warware shi. A littafin Badian, an tura Kany da Birama ƙauye wurin Djigui, yayan Benfa, kuma daga can mafita ta ɓullo, da taimakon Tiéman mai kula da marasa lafiya. Ke nan ba za ka ce littafin ya yi watsi da al'ada ba, tunda dattijon ƙauye ne ya buɗe ƙofa. Za ka iya cewa ya nuna saɓanin manya da yara ba ya mutuwa sai an sami wanda kowane ɓangare ke jin maganarsa. Ka gwada jimlarka da babi uku daban-daban. Idan ta tsaya a ɗaya kawai, ka sake ta.

Wasu littattafan kuma sai ka ɗan san tarihi. Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, ya ginu ne kan faɗan Lugu na 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Arewa tana ƙone garuruwa. Amma ƙagaggen labari ne, don haka ka bambanta abin da tarihi ya tabbatar da abin da marubuci ya ƙara, ka kuma tambayi kanka don me ya ƙara shi.

Ranar rubutu, kowane sakin layi ya ɗauki ra'ayi ɗaya: ka faɗe shi, ka kawo wurin da ya faru a littafin da sunayen waɗanda ke wurin, sannan ka bayyana yadda wurin ya tabbatar da maganarka. Idan ba ka tuna kalaman tauraro daidai ba, ka faɗi ma'anarsu da bakinka, kada ka ƙirƙira ka sa cikin alamar zance, don mushe ya san littafin. Kafin jarrabawar gwaji, ka rubuta irin wannan sakin layi a kan Benfa ko Ramatoulaye, ka ba abokin karatunka ya nemo maka babin da ya karya hujjarka.