Darasi na 6: Canza injin gilashin ƙofar mota

Sannunku da ƙoƙari 'yan uwa. Yau kan gilashin da ya ƙi hawa ko ya zube cikin ƙofa zamu tsaya. Abin da ke ɗaga shi a ɓoye yake cikin ƙofar, shi ake kira injin gilashi. Iri biyu ne, akwai mai ƙarafa a gicciye kamar almakashi, akwai mai waya.

Kafin ka kashe ko sisi, murɗa makulli ka danna makunnin gilashin ka kasa kunne. In kaji ƙara a ciki amma gilashi bai motsa ba, galibi wayar da ke jan gilashin ce ta tsinke. In shiru kaji to fara duba fiyus da makunnin tukuna.

Wajen saye, ko Ƙofar Ruwa zaka a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannunka ka jera shi da wanda aka baka, ramukan noti da bakin soket su zo daidai. Na hagu baya shiga dama, na gaba baya shiga baya. Sau da yawa zaka ga harafi a jiki, L hagu ne, R dama. Hagun mota shi ne hagunka in kana zaune a ciki kana kallon gaba. Kar kaji kunyar cewa mai shago ya gwada maka da batir a gabanka.

Yanzu aikin. Kwance sukurorin marfin ƙofa na ciki da sukundireba, ka ɓamɓaro shi a hankali saboda 'yan robobin da ke riƙe shi basa jure ƙarfi. Yaye ledar da ke baya, kar ka yaga ta, ita ke tare ruwa. Sauke gilashin har ka hango notocin da suka kama shi ta ramin ƙofa, yawanci sifana lamba 10 ce ke kwance su. Sassauta su, ka ja gilashin sama da hannu.

To nan ne wajen. MANNE GILASHIN DA SALATEF. Mai faɗi, layi uku, daga cikin gilashi ka haye saman ƙofa ka sauko ta waje. In akwai ƙura a goge, salatef baya kama ƙura. Ka manne? Ɗan ja shi ƙasa ka gani ko ya riƙe. Ba wuya, kowa zai iya, mantuwa ce kawai ke cin mutane. Wani bawan Allah a ajinmu na bara ya ce zai riƙe da hannu ɗaya, yana zare injin sai ji muka yi tass, gilashi ya zama tsakuwa a ƙasan ƙofa, Allah ya tsare yatsunsa. Dan Allah sau nawa zan faɗa, kullum sai na ga wani ya kai sifana jikin injin alhali gilashi na rataye ba komai. Haba jama'a, ku manya ne fa! Salatef tukuna, sannan notin injin.

Bayan ka manne, cire kan batir, zare soket, kwance injin ka fito da shi ta babban ramin.

Darasi na 7: Saka sabo

Yadda ka fito da tsohon haka zaka shigar da wannan. Shafa ɗan giris a hanyarsa. Sai ya zauna an ɗaure sannan zaka cire salatef ka sauko da gilashi kansa. Kar ka matse notin gilashi da yawa.

Darasi na 8: Gwaji

Mayar da batir, ɗaga ka sauke sau uku. In baya karkata, mayar da leda da marfi.