Yadda Za Ka Kiyaye Kanka A Yawon Nazarin Duwatsu Na Bakin Teku Da Karkara

Duk wanda zai bi jagora yawon nazarin duwatsu a gaɓar teku, tun kafin ya ɗauki guduma ko kyamara ya fara duba jadawalin cikar ruwa. A yawancin gaɓoɓi teku sau biyu take cika a rana, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25 ne, kuma kullum lokacin yana gusawa gaba da kamar minti 50, shi yasa lissafin jiya ba zai maka aiki yau ba. Ku fita lokacin da ruwa ya fara janyewa, ku san ta ina za ku haura idan ya dawo, domin ba lallai ta gabanka zai zo ba, wani sa'in ta baya zai zagayo ya tare hanya kai kuma kana can a duƙe kana duba dutse. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu cikar ta fi yawa, sai a ƙara kula.

Sai gindin tsaunin da ya tsaya a kan teku, wannan shi ne ya fi tayar min da hankali wallahi. Nan ne inuwa take, nan ne kuma burbushin halittun da suka zama dutse suke zubowa, sai mutum ya ji ransa yana son matsawa kusa. Don Allah kar ka matsa. Idan ka ga sabbin duwatsu a tare a ƙasa toh daga sama suka faɗo, kuma saura na nan tafe, musamman bayan ruwan sama mai ƙarfi. Mary Anning, wadda ta yi suna wajen tono irin wannan burbushi a Lyme Regis ta Ingila, a 1833 ƙasa ta zabtaro ta kashe karenta, ita da kyar ta sha, alhali a wurin aka haife ta ta san shi ciki da bai. In an ba ka hular kwano ka saka, amma ka sani tsakuwa kawai take tarewa, ba ta iya wa ƙaton dutse. A sama ma kar ka je baki-baki don ɗaukar hoto, sau da yawa ruwa ya riga ya cinye ƙarƙashin.

Takalmi ya zama mai kama ƙasa sosai, ban da silifas, dutse mai gansakuka santsinsa kamar sabulu. Za ka fasa dutse? Saka tabarau na kariya, ka ce na kusa su ja baya, kuma sai jagora ya amince don wasu wuraren doka ta hana.

A karkara kuma ka nisanci saniya mai ɗan maraƙi, kar ka leƙa tsohon ramin ma'adinai, in aka fara tsawa ku sauko daga tudu. Ka duba jikinka saboda kaska bayan kun dawo.

In kana da asma ko ciwon suga ko na gwiwa, gaya wa jagora tun a farko, ba abin kunya bane. Za ka ware ko na minti biyu ne ka sanar da shi, saboda ƙirga ku yake yi. Wayarka ta cika da caji, ka ajiye lambar agajin gaggawa ta ƙasar, sannan ka bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowarku don netwok yakan ɗauke a ƙarƙashin tsauni.