Yadda za ka lissafa rabonka na hayaƙin jirgin sama, daga Ambursa zuwa Abuja ko Jidda

Lissafin ya tsaya a kan abu uku: man da jirgi ya sha, iskar kabon da man ya zama bayan ya ƙone, da yawan mutanen da za a raba wa. Na biyun ba ya canzawa. Kowane kilo 1 na man jirgi, wato Jet A-1 ɗan'uwan kananzir, yana fitar da kilo 3.16 na iskar kabon dayoksaid. Mutane kan yi mamakin yadda hayaƙi ya fi man nauyi har ninki uku. Dalili shi ne kusan kashi 86 cikin 100 na man kabon ne, kuma wajen ƙonewa kowane giram 12 na kabon yana kama giram 32 na iskar oksijin, su zama 44. Idan an ba ka adadin man a lita, fara ninka shi da 0.8 ya koma kilo. Wanda ya tsallake wannan zai ƙara wa kansa kashi ɗaya bisa huɗu ba gaira ba dalili.

Fara da nisa. Nemo miƙaƙƙen layi tsakanin filayen biyu a Google Earth ko Great Circle Mapper. Daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, zuwa Abuja kimanin kilomita 500 ne, zuwa Jidda kimanin 3,800, Madina kuwa ta ɗan haura 3,900. Jirgi ba ya bin layin nan sak, akwai kwana bayan tashi da shawagin jiran izinin sauka. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, take ƙara kilomita 50 ga tafiyar da ba ta kai 550 ba, 100 ga wadda ke tsakanin 550 da 5,500, sai 125 ga abin da ya wuce haka. Wannan ƙari na lokacin zaman lafiya ne. Da aka rufe sararin samaniyar Sudan a watan Afrilun 2023 saboda yaƙi, jiragen alhazan Najeriya zagaye suka riƙa yi, kuma kilomita 100 ba ta kusa biyan wannan zagayen ba. A irin haka, buɗe Flightradar24, manhajar bibiyar tafiyar jirage, ka ga hanyar da jirgin ya bi da awannin da ya yi a sama, ka yi aiki da su.

Sai man. Kamfani ba zai nuna maka takardar mai ba, don haka kintace za ka yi daga samfurin jirgin, wanda yake rubuce a katin da ke aljihun kujerar gabanka. Boeing 737-800 yana shan kimanin kilo 2,500 a awa idan ya daidaita a sama, Airbus A330 kimanin 5,500 zuwa 6,000, tsohon Boeing 747-400 kuwa 10,000 ko fiye. Kada ka tsaya ga ninka wannan da awa kawai a gajeriyar tafiya. Tafiya a ƙasa, tashi, hawa zuwa mita 900 da saukowa daga can suna cinye wa 737-800 kusan kilo 880, ko Abuja za shi ko Alƙahira. Wannan ne ya sa gajeriyar tafiya ta fi tsadar hayaƙi a kowace kilomita.

Ga misalin Abuja. Mu ɗauka 737 ya sha kilo 2,800 gaba ɗaya. Ninka da 3.16, ka sami kilo 8,848. Idan mutum 130 ne a ciki, kowa ya tashi da kilo 68. Idan ranar kasuwa ba ta ci ba, mutum 70 kawai suka hau, rabon kowa ya koma kusan 120, ko da an rage ɗan abin da sauƙin nauyi ya rage na mai. Da mutanen da suka hau ake rabawa, kujerar da babu kowa ba ta ɗaukar kaso. Manhajojin intanet masu lissafin hayaƙin jirgi suna amfani da matsakaicin cikar jirage na yanki ko na duniya, wajen kashi 80 cikin 100, kai kuwa da ka waiwaya ka ƙirga kawuna ka fi su sanin jirginka. Idan akwai kayan haya a cikin jirgin, cire musu nasu kaso ta nauyi: ana ɗaukar fasinja da jakarsa kilo 100, don haka mutum 130 da tan 1 na kaya na nufin fasinjoji su ɗauki 13 cikin 14.

Kujerun manya ma suna da nasu lissafi, domin fili suke ci. Ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA tana ƙirga kujerar 'yan kasuwa a matsayin kujerar gama-gari 1.5 a jirgi mai hanyar wucewa ɗaya tsakanin kujeru, 4 a babban jirgi mai hanyar wucewa biyu, ta alfarma kuma 5. Babban jirgi mai kujerun gama-gari 270 da na 'yan kasuwa 30 kaso 390 ke nan, na gaba kowa ya kwashi huɗu.

Jigilar alhazai ita ce inda kusan kowace manhaja take yin ƙasa da gaskiya, kuma a nan ya kamata a nutsu. Mu ce A330 mai kujerun gama-gari zalla ya kwashi maniyyata 400 daga Ambursa, ya yi awa 5, ya sha kilo 30,000. Hayaƙin ya kama kilo 94,800, kowane maniyyaci 237, zuwa da dawowa 474. Idan aka duba kowace kilomita, wannan adadi ne mai kyau ƙwarai, giram 60 da 'yan kai, saboda jirgin a cike yake maƙil. Amma jirgin shata ne. Bayan ya sauke sahun farko yakan juyo babu fasinja don ɗaukar na biyu, in ma an ɗoro masa wani abu bai wuce ruwan Zamzam ba. Lokacin kwaso alhazai kuma haka zai koma Jidda wayam. Jirgin da babu kowa ya fi sauƙi, amma gangar jikinsa kaɗai ta haura tan 120, don haka ragin bai taka kara ya karya ba. Mu ba shi kilo 24,000 a kowane sawu. Sawu huɗu sun haɗa kilo 108,000 na mai, wato 341,280 na hayaƙi, kowane alhaji kimanin kilo 850. Don a gane girman adadin, matsakaicin abin da ɗan Najeriya ɗaya yake fitarwa a shekara daga fetur, gas da makamantansu bai wuce kilo 500 zuwa 600 ba. Mai zuwa Umara a jirgin kasuwa ba shi da wannan ƙari, sai dai shi ya lissafa kowace yada zango daban, tunda kowane tashi yana da nasa man.

Duk abin da ya gabata hayaƙin bakin inji ne kawai. Haƙo ɗanyen mai, tace shi da dakonsa a tanka har filin jirgi suna ƙara kusan kashi 20 cikin 100, don haka masu haɗawa da wannan suna ninka man da kimanin 3.8 a maimakon 3.16.

Akwai kuma ɗumamar yanayi da ba ta kabon ba. Farin zaren da jirgi yake bari a sama tururi ne da ya daskare a jikin ƙurar hayaƙi. Idan iskar can sama tana da sanyi da laima, sai ya bazu ya zama siririn girgije mai tare zafin ƙasa, musamman da dare da babu hasken ranar da zai mayar. Iskar naitirojin oksaid ma tana da nata tasiri. Binciken da masanin kimiyya David Lee ya jagoranta, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa waɗannan su ne kusan kashi biyu bisa uku na ɗumamar da jirage suke jawowa. Shi ya sa manhajoji suke ninka adadin kabon da wani abu tsakanin 1.7 da 3. Mu a ganinmu a rubuta adadin biyu daban, domin zaren yana watsewa cikin awanni, kabon kuwa yana daɗewa ɗaruruwan shekaru, kuma jirage biyu a hanya ɗaya wani zai bar zare wani ba zai bari ba. A gajeriyar tafiya irin ta Abuja, inda jirgi bai daɗe a can ƙololuwa ba, ninkawa da 3 zuzutawa ce.

Idan manhajoji biyu suka ba ka adadi mabambanta a tikiti ɗaya, mai yiwuwa ɗaya ta tsaya ga bakin inji kamar ta ICAO, ɗaya ta haɗa da matatar mai ko zaren sama. Duba abin da kowace ta sa a ciki kafin ka kwatanta. Haka ma wajen gwada jirgi da mota. Litar fetur tana ba da kilo 2.3, kuma motar da ta sha lita 65 daga Birnin Kebbi zuwa Abuja ta fitar da kilo 150. Mutum bakwai a motar tasha kowa 21 ke nan, mai tuƙa kansa shi kaɗai kuwa ya ninka na kujerar jirgin nan mai mutum 130 fiye da sau biyu.